Na tafi kallon teku da maganin idon matar Baba a jakata

A shekarun da nake ba ku labari ni direba ne a wani kamfanin gine-gine a nan Riyadh, ina ɗebo leburori da safe in mayar da su da yamma. Idan ka shigo unguwar Gubaira ka ce kana neman Bakanon nan mai baki, ko Bangalin da ke sayar da burodi zai nuna maka ƙofarmu. Mu shida ne a ɗaki, gado bisa gado, kuma ni ne rediyon ɗakin, ni ne talabijin. Idan na ga kyanwa a hanya, kafin in iso gida ta zama damisa, kafin a gama cin shinkafar kabsa ta cinye 'yan sanda biyu har da hulunansu. Kowa ya san ina ƙara gishiri, ni ma na san sun sani, don haka ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. Cewa nake wasa ne na rage zafin gari. Na rubuto muku ne saboda akwai lokacin da bakin nan nawa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma ba a jikina ta sauka ba, a jikin wata baiwar Allah ta sauka, wadda ba ta taɓa yi mini komai ba.

Babban ɗakinmu wani dattijo ne kafinta, Bazazzagi, dukkanmu Baba muke ce masa. Kun san tsakanin Kanawa da Zagezagi, to ni da shi mun ɗauki wasan nan kamar aikin da ake biyan mu. Da asuba da ƙafa yake tashina, yana cewa bawansa ya tashi ya ɗora wa ubangidansa shayi. Ni kuma in ce ai Bazazzagi sai ya gaishe ka sau goma, ya tambayi gajiya da iyali da kaji, kafin ya gaya maka gidanka na cin wuta. Shi kuma ya ce Bakano ko inuwarsa aka taya zai sayar, ya ce a dawo gobe akwai sabuwa. Amma lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, shi ya riƙa dama mini kunu, shi ya je ya tsaya gaban mudir ɗinmu, wato manajan kamfani, da guntun Larabcinsa har aka bar ni na huta. Matarsa tana birnin Zariya, sana'arta ɗinkin hannu na manyan riguna, irin wanda ake wata uku ana bin zare ɗaya bayan ɗaya. Tana da hawan jinin ido. Likita ya ɗora ta kan wani magani na ɗigawa, ya ce kada a kuskura a yi fashi. Sau biyu suna sayen jabu a gida, idon ya ƙara lalacewa, tun daga nan Baba ya koma saye a kantin magani a nan da takardar likitan, yana aikawa ta hannun masu tafiya.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane abin da ake nufi da saƙo ba. Ranar da aka ji an buga maka huruj da auda, wato izinin fita da dawowa, ka tashi daga mutum ka koma motar kaya. Wanda rabonka da shi tun Sallar bara zai zo ya gaishe ka da leda a hannu. Dabino, turare, abaya, waya, takalmin yara, man zaitun, har da wanda ya taɓa kawo mini tukunyar dafa shinkafa ya ce ai ba ta da nauyi. Ba a cewa a'a, don kai ma gobe za ka nema. Kuma ba wanda zai tambaye ka ina za ka, don amsar ɗaya ce. Mutum ya shekara biyu yana shan rana, an ba shi hutun wata biyu, ina zai nufa in ba gida ba?

To ni a shekarar ba gida na nufa kai tsaye ba. Akwai wani makanike a garejin kamfaninmu, ɗan Indunusiya, mutumin wani tsibiri da ake kira Lombok. Kullum muna cin abincin rana zai ciro waya ya nuna mini garinsu, ruwa shuɗi kamar an zuba bula, bishiyoyin kwakwa, rairayi fari kamar garin tuwo. Ni da tun da aka haife ni babban ruwan da na sani shi ne Tiga, sai abin ya shiga raina ya ƙi fita. Da zai tafi ɗaurin aurensa ya ce in zo, wansa zai aiko mini da takardar gayyata. Biza ta ba ni wahalar da ko neman aure bai kai ta ba, wata da watanni, amma ta fito. Na tsara abina: kwana goma a can, daga nan in wuce Kano in ƙarasa hutuna. Sai dai ban gaya wa kowa ba. Ta ina zan fara? In kalli mutanen da ke cin burodi da shayi don su tura wa iyali, in ce musu zan hau jirgi in je kallon ruwa? Da sun yi mini waƙa har in mutu, kuma kafin in sauka labari ya riga ni zuwa kunnen mahaifiyata. Sai na ce wa 'yan ɗaki gida za ni, na ce wa mahaifiyata mudir ya ɗaga hutun da sati biyu. Kayan saƙon da aka tara mini kuwa na kwashe a ɓoye na kai wa masu kago, wato masu aika kaya ta jirgi, na ce abin ya zo da sauƙi.

Da safen ranar tafiya, na riga na saɓa jaka, sai Baba ya riƙo hannuna ya ja ni gefe. Ya miƙo mini wani ɗan fulas, ya buɗe ya nuna mini kwalabe shida ƙanana a cikin ƙanƙara, an naɗe su da leda. Ya ce wannan ba ya son zafi, in riƙe shi a hannu kada in saka a kaya. Ya ce na wurinta saura na sati ɗaya. Ya ce akwai wani mai sayar da kayan miya a kasuwar Utaiƙa da zai tafi Kano jibi, har ya yi niyyar ba shi, sai ya ga ga ɗansa a ɗaki, me zai kai shi wurin bare. Wallahi a wannan lokacin zuciyata ta ce mini, kai, faɗi gaskiya, ko ka ce a ba mutumin Utaiƙa. Kalma biyar ce kawai: ba gida za ni ba. Amma 'yan ɗaki suna tsaye suna kallo, sai bakina ya riga hankalina. Na buga ƙirji na ce ko jirgin ne ya faɗa teku zan yi iyo da fulas ɗin a ka, cikin kwana uku yana hannun Hajiya matarsa, in bai kai ba a canza mini suna. Aka yi dariya. Baba ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ce ashe a cikin Kanawa ma akan samu na kirki, ɗaya a cikin dubu. A raina na yi lissafi: saura na sati ɗaya, ni kuma kwana goma, fashin kwana uku ai ba zai kashe kowa ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji daɗi ba, don daɗin ma yana cikin laifin. Na sauka a ƙasar da ko sanda ka soka a ƙasa sai ta yi ganye. Ga masallatai ko'ina, ga mutane masu fara'a, duk inda na wuce yara da manya ana ɗaga mini hannu. Da suka ji daga Saudiyya nake sai suka ɗauka wani shehi ne, aka riƙa tura ni gaba a sallah, ni da ƙira'ata ba ta wuce ta direba ba. Uwar abokina ta karɓi fulas ɗin ta jera kwalaben a firjinta kusa da kifi. Aka yi biki, na ci shinkafa da yajin da ya sa na ga kakannina, na sha ruwan kwakwa har cikina yana ƙara in na yi tafiya. Kwana takwas na farko kullum sai na buɗe firjin nan na duba, in ce wa kaina ai amana tana nan lafiya.

A rana ta tara abokina ya kai ni wasu 'yan ƙananan tsibirai da ke kusa, inda ba mota sai keke da keken doki. A can na haɗu da masu jakar goyo. Turawa ne da wasu 'yan ƙasashe daban-daban, samari da 'yan mata, kowa da jaka a baya kamar ya goyo ɗan maraƙi, silifas a ƙafa, ba wanda ya san inda zai kwana jibi. Na zauna da su a wata rumfar cin abinci, na buɗe baki da Turancina na tasha, shi ke nan. Na ce musu ina da raƙuma ɗari huɗu, na ce na taɓa kokawa da kura na kayar da ita har ta ba ni haƙuri. Suka riƙa faɗuwa don dariya. Ku gane, shekara shida ba wanda ya kira ni sai da yalla yalla, wato yi sauri, ba wanda ya tambaye ni ra'ayina a kan komai. Ga shi yau mutane sun kewaye ni suna cewa kada in tafi, akwai jirgin katako da zai yi kwana huɗu yana ratsa tsibirai zuwa gabas, inda ake ganin wasu ƙadangaru da suka fi mutum tsawo. Abokina ya ce in tuna fa ina da jirgi gobe. Na ce masa jirgi ai ba ya ƙarewa a duniya. Na ɗaga tikitina da sati ɗaya, na koma na ɗauko kwalaben daga firji, na zuba sabuwar ƙanƙara, na sayi jakar goyo ni ma, na cusa fulas ɗin a ƙasa.

Dama tun kwana na huɗu Baba yake turo saƙon murya, ni kuma na riga na shirya masa labari. Na ce ina Kano, amma a filin jirgi sun hana ni shiga da ruwa a hannu, dole na saka fulas ɗin a babbar jaka, jakar kuma ta maƙale a Addis, inda ake canza jirgi. Da ya nuna damuwa kan zafi na ce ya kwantar da hankalinsa, sun ajiye ta a ɗakin sanyin da ko sa aka saka sai ya daskare a tsaye. Ana gobe za mu hau jirgin katakon ya kira ni, lokacin hutunsu na azahar, a can kuma yamma ta yi. Na ruga na shige banɗaki na rufe ƙofa don kada ya ji ƙarar teku. Muryarsa ba wasa a ciki. Ya ce nata ya ƙare kwana uku ke nan, tana cewa kanta na sarawa. Ya ce in gaya masa tsakani da Allah, in jakar za ta daɗe, zai sa 'yarsa ta ɗauki uwar su tafi asibitin ido a Kaduna su nemo mai kyau ko na wata ɗaya ne. Ya tambaye ni sau biyu. Ina tsaye a banɗaki, ƙafata duk rairayi, na ce haba Baba, kada a wahalar da Hajiya da hanya a banza, na yi magana da manajan kamfanin jirgin da kaina, jibi jaka na sauka. Ya yi ajiyar zuciya ya ce to, tunda na faɗa. A duk abin da na yi, wannan ne wanda ba na iya tunawa ina cin abinci. Ɗaukar fulas ɗin kuskure ne na mai jin kunya. Wannan kuwa na san me nake yi.

Muka shiga teku. Jirgin wani tsohon katako ne mai tari kamar mai asma, mu kusan talatin a kai, kowa ya shimfiɗa 'yar katifarsa a sama. Na ga kifaye masu launin da ko a shagon atamfa babu, na sa gilashin nutso na leƙa ƙarƙashin ruwa da rigar iska a jikina, ina rungume da igiya ina salati. Na ga rairayin da ya yi ja-ja kamar an barbaɗa masa jar kanwa. Na ga ƙadangarun nan, guza ce dai amma wadda ta ci ta ƙoshi tun zamanin Annabi Nuhu, tana tafiya tana zaro harshe, mu kuma muna bin bayan wani mai gadi da ya riƙe sanda mai baki biyu kamar ita za ta cece mu. Ƙanƙarar fulas kuwa tun rana ta farko ta narke. Na roƙi mai dafa abinci ya saka mini a akwatin sanyinsu, ya saka, washegari na tarar an fitar an cika wurin da lemo. Jakata ta wuni a rana a saman jirgi. Da na buɗe a rana ta uku, ruwan ciki ya yi ɗumi kamar na wankan jego, takardun jikin kwalaben sun saɓule suna yawo. Na tsaya ina kallo, sai wani ya kira ni in zo in ga kifin da ke tsalle, na mayar da murfi na tafi.

Daga nan kuma sai abin ya zama kamar wanda ya riga ya jiƙe, ba ya gudun yayyafi. Tunda magani ya lalace, saurin me nake? Haka shaiɗan ya karanta mini, ni kuma na biya. Daga wannan tsibiri zuwa wancan, daga jirgin ruwa zuwa bayan babur, na hau dutse na leƙa tafkuna a samansa, na kwana a ɗakunan haya masu gado goma. Na sake ɗaga tikiti. Baba na turo saƙo ina ce masa jibi, 'yarsa ta kira na ce jibi, daga baya na daina buɗe saƙonnin gaba ɗaya, in ga alamar su in kife wayar. Sai da bizata ta zo ƙarewa sannan na tattara. Ranar da na sauka Kano, sama da wata guda ke nan da Baba ya miƙa mini fulas.

Kwana ɗaya na yi a gida na hau motar Zariya. A tasha na sayi ƙanƙara na zuba a fulas ɗin don ya yi kama da abin da aka kula da shi, ku ji ƙarfin hali. 'Yar Baba ta shigar da ni tsakar gida. Hajiya na zaune kan tabarma, mace mai fara'a, ta yi ta sa mini albarka, tana cewa sannu da wahalar mutanen jirgi, Allah ya saka mini, ai Malam, wato Baba, ya gaya mata yadda na yi ta zarya. Ta ce a kawo wa Bakano fura kada ya je ya ce Zagezagi rowa gare su. Na durƙusa na miƙa mata fulas ɗin da hannu biyu. Ta miƙo nata hannun, sai ya wuce ta gefe, ta kama iska. Ta sake lalubowa, sai da 'yar ta kama hannun ta ɗora a kai. A gefenta akwai wata babbar riga da aka yi rabin aikinta, allura na soke a jiki. 'Yar ta ce mini a hankali, sati biyu ke nan ba ta taɓa ta ba. Ta ce da suka gaji da jira sun sayi wani a kemis na unguwa, bai yi komai ba sai yaji.

Ni na matsa aka tafi Kaduna washegari, na bi su. Likitan ya duba ya yi faɗa sosai, ya ce wa ya ce a zauna wata guda ba magani. Ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma saura kaɗan, kamar mai leƙe ta cikin kara. Ya ce abin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin tsare ragowar. Na nuna masa kwalaben, ya juya su ya ce a zubar. Na bi shi waje na tambaye shi ko da an samu maganin a kan lokaci da ba haka ba. Ya ce ciwon ya daɗe, ba zai iya rantsuwa ba, amma fashin nan bai yi mata alheri ba ko kaɗan. Na daɗe ina riƙe da rabin farko na maganarsa kamar laya. Rabi na biyun kuma shi yake riƙe da ni.

Da na dawo Riyadh Baba ya rungume ni a bakin ƙofa. Ya ce na yi baƙi na rame, duk saboda zaryar jakarsa. Ya yi ta Allah ya isa ga kamfanin jirgin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, ni dai na yi iyakar ƙoƙarina. Wata huɗu ina ɗauke da wannan. 'Yan ɗaki suka ce ko an yi mini asiri a gida ne, rediyo ya mutu. Ina jin shi yana waya da ita, yana tambaya ko yau ta iya zuwa bayi da kanta, ni kuma ina kan gadon sama na juya fuska bango. Ga hotuna sama da dubu a wayata ba wanda zan iya nuna wa. Har ya kai in ya tashe ni da asuba ya ce bawansa, sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka bi ta kasuwar Dira zai sayi carbi, muka zauna a inuwa kusa da tsohon ginin Masmak. A nan ya gaya mini ya yanke shawarar yin fita ta ƙarshe, zai koma gida gaba ɗaya, don 'yar za ta tare gidan miji kuma ba mai riƙe hannun uwar. Shekara goma sha ɗaya yana nan, ginin da yake yi a gida ko rufi ba a yi ba. Ban san lokacin da na fara magana ba. Na gaya masa komai, tun daga makanike har banɗaki, na ciro waya na nuna masa. Ya karɓa ya kalli hoto ɗaya, ni a kan jirgi na buɗe baki ina dariya, ya miƙo mini. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Sai ya ce shi bai ga laifin mutum ya je ya ga ƙasar Allah da guminsa ba, da na faɗa da dariya kawai za a yi a wuce. Ya ce abu ɗaya yake so ya sani, ranar da ya tambaye ni sau biyu ko su tafi Kaduna, na ji shi da kyau ko layi ne ba kyau. Na ce na ji shi. Ya gyaɗa kai. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba idonsa ba ne, in je in nemi mai idon. Daga ranar har ya bar ƙasar nan bai sake ce mini Bakano ko bawansa ba. Malam yake ce mini, da ladabi, kamar wani baƙon da aka haɗu da shi a mota. Bai gaya wa kowa a ɗakin ba, ni na gaya musu da bakina bayan ya tafi.

Hutuna na gaba ban tsaya ko'ina ba, daga filin jirgi sai Zariya. Na tarar da su a tsakar gida, shi yana gyara ƙafar wata kujera, ita tana tsince wake da lalube. Ashe ya riga ya gaya mata. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce in dakata. Ta ce tana so in gaya mata abin da na gano a can, tunda dai da idonta aka biya kuɗin kallon, tana da haƙƙi a ciki. Amma ta ce Malam ya ce ni gwanin ƙari ne, to ita ba ta son ƙari ko na ƙwayar gero, in faɗa yadda yake. Na ce akwai ruwa mai yawa, shuɗi. Akwai bishiyoyin kwakwa. Akwai kifi masu launi, da wata babbar guza. Akwai duwatsu a tsakiyar ruwan. Na tsaya a nan, don da na cire gishirin iyakar abin ke nan. Ta jira ko akwai saura, da ta ji babu sai ta ce, to, ashe dai ruwa ne. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce ta yafe mini don tana so ita ma Allah ya yafe mata, in tashi in daina durƙuso kada ƙafata ta sage. Baba bai ɗago daga kujerarsa ba. Da zan tafi ya raka ni ƙofa, ya ce Malam a sauka lafiya.

Har yanzu ina Riyadh, ina tuƙi, kuma maganinta duk wata uku ni nake nemowa in ba wanda na ga tikitinsa da idona. Wannan ba ya dawo da komai, na sani, kada wani ya yaba mini. Abin da na koya shi ne, yawon ganin duniya ba laifi ba ne, kuma wanda Allah ya hore wa ya je ya gani, tsibiran nan suna da kyau. Laifin shi ne kunyar minti ɗaya da na ƙi ɗauka a gaban mutum biyar. 'Yan'uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, idan aka miƙo muku saƙo ku faɗi hanyar da za ku bi da ranar da za ku isa, ta gaskiya. In ba za ku iya ba ku ce ba za ku iya ba tun a bakin ƙofa, a yi muku dariya, a ce kun yi girman kai, duk zai wuce kafin sati. Leda ba ta nuna nauyin abin da ke cikinta, wata turare ce, wata kuma lafiyar mutum ce. Ku kuma na gida, don Allah kada ku dakatar da magani kuna jiran matafiyi, ko da shi ne mafi gaskiyar mutanen duniya, balle irina. Masu baki irin nawa kuma, ku san ranar da za a tambaye ku da gaske, ku ajiye wasa ku amsa da gaske. Ni na je na cika idona da teku. Ita kuwa bana aka haifa mata jika ta fari, da aka miƙa mata, da yatsu ta bi fuskar don ta san kamanninta.